Farar Riga da Baƙar Ɗamara: Wace Kariya Ake Sayar wa 'Ya'yanmu a Kilomita Biyar?

Duk wanda ya ce wa uba, "Kawo ɗanka in koya masa karate domin ya iya kare kansa," ya ɗauki amana mai nauyi, kuma a ganina yawancin masu faɗin haka ba su taɓa aza ta a sikeli ba. A wani gari wannan magana tallar sana'a ce kawai, kamar ta mai koyar da tuƙi ko ɗinki. A nan Kilomita Biyar kuwa kalmar "kare kai" tana da kaburbura a bayanta, saboda haka ba a barin ta ta wuce ba tare da an tambayi mai faɗinta abin da yake nufi ba.

Samarinmu sun daɗe suna musu a teburin mai shayi da zaurukan WhatsApp: karate ya fi, ko judo, ko damben Turawa, ko wannan gaurayen faɗa na cikin keji da suke kwana kallo a waya? Wasu iyaye kuma sun fara cire kuɗin wata daga ribar shago suna biyan malami, suna sayen farar riga, suna jiran ranar da za a ɗaura wa yaro sabuwar ɗamara. Ba na ƙin motsa jiki, ba na kuma raina ladabin da ake koyarwa a waɗannan wurare. Abin da nake ja da shi shi ne alkawarin. Ra'ayina a fili yake: karate, a yadda aka fi koyar da shi yau, shi ne mafi rauni cikin waɗannan fannoni idan ana maganar faɗan gaske, kokawar da muka gada muka yi watsi da ita ta fi shi amfani nesa ba kusa ba, kuma dukansu, har da kokawar, ba sa tsayawa gaban abin da ya fi kashe mutane a unguwar nan.

Mu fara da asalin abin, domin masu tallarsa ba su cika ba da labarinsa ba. Karate ya fito daga tsibirin Okinawa ne, kuma na farko ya haɗa da kamu da murɗa gaɓoɓi da kayarwa, har mutanen tsibirin suna da kokawarsu ta gargajiya da yara ke tashi da ita. A farkon ƙarni na 20 wani malami mai suna Anko Itosu ya shigar da shi makarantun boko na Okinawa, ya sassauta shi yadda zai dace da ɗalibai masu yawa a fili ɗaya. A 1922 almajirinsa Gichin Funakoshi ya kai shi Tokyo, inda aka ara masa farar riga da tsarin ɗamara daga judo. Wato tufar da yaranmu ke taƙama da ita ma aro ce. Daga Japan ya bi ta Faransa da sauran ƙasashe ya iso mana, kuma a kowane zango yana ƙara zama darasin tarbiyya da wasan gasa, yana rage zama dabarar tsira. Babu aibi a cikin wannan. Aibin yana ga wanda ya karɓi darasin makaranta ya sayar da shi da sunan garkuwa.

Ku je ku tsaya a bakin filin da ake koyarwa ku ga abin da ke cin mafi yawan lokaci. Yara a jere sahu-sahu, ana ƙirga musu da Japananci, suna naushin iska, suna harbin iska. Sai kata, wato jerin motsi da aka haddace, mutum yana faɗa da abokan gaba da babu su, waɗanda ke zuwa ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, kowanne daga inda aka tsara masa. Mu da muka yi karatun allo mun san darajar hadda, mun kuma san iyakarta. Almajirin da ya haddace babin gado bai zama mai rabon gado ba sai ranar da ya zauna gaban magada masu husuma, da gida ɗaya, da bashi, da matar da ba a san da ita ba. Haka wanda ya haddace kata ashirin bai san faɗa ba sai wani ya riƙe masa wuyan riga da nufin cutar da shi.

Za a ce ai akwai kumite, karawar mutum biyu. Akwai. Amma a dokar gasar da ta fi yaɗuwa, ana so ka kai bugu ka tsayar da shi kafin ya yi ɓarna, alƙali ya tsai da wasa, a ba ka maki, ku koma wurarenku. Duniya ta ga ƙarshen wannan tsari a gasar Olamfik ta Tokyo, a watan Agusta 2021. A wasan ƙarshe na masu nauyi, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki, ya harbi Sajjad Ganjzadeh na Iran ya faɗi sumamme. Alƙalai suka ce bugun ya wuce ƙa'ida, suka kore shi, aka ba wanda aka fitar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya lambar zinariya. Ban ce alƙalan sun yi zalunci ba, dokarsu suka bi. Amma a gidan dambe na Kano ko Sakkwato wannan shi ake kira kisa, makaɗa su ɗauki kirari, a kewaya fili da gwani. Yaron da ya shekara biyar ana horar da hannunsa ya tsaya kafin ya isa, me zai sa hannun ya canja hali ranar da tsoro ya kama shi? Jiki abin da ya saba yake yi. Karate ɗin ma sau ɗaya tak ya shiga Olamfik, ba a sa shi a ta Faris ta 2024 ba, amma wannan ba hujjata ba ce, na faɗe shi ne don masu cewa duniya duka ta sallama masa.

Don kada a ce na yi son kai: akwai reshen Kyokushin da Masutatsu Oyama ya kafa, inda ake bugu na gaske har mutum ya faɗi, ko da yake a gasarsu ba a naushin fuska. Akwai kuma Lyoto Machida na Barazil, ɗan gidan karate, wanda ya ci kambun UFC a 2009. Sai dai a duba yadda ya kai can: ya haɗa da sumo da kokawar ƙasa, ya kuma yi shekaru ana dukansa da gaske a wurin horo. Karate ya ba shi iya auna tazara da saurin shiga da fita, kuma waɗannan kyauta ne masu daraja. Sauran daga wasu gidaje ya samo su.

Yanzu mu zo kan yadda faɗa yake a zahiri. Aikina ya sa nake zama inda ake kawo ƙara da sulhu, ina rubuta abin da kowane ɓangare ya faɗa, kuma labarin kusan kullum salo ɗaya ne. Ba a fara shi daga taku uku da sunkuyar da kai. Ana fara shi da cacar baki a kan bashi, ko wurin ajiye kaya, ko babur da ya gogi wani. Sai a cakumi kwala, sai turi, sai duka biyun su rungume juna a cikin lungun da faɗinsa bai kai a miƙe ƙafa ba, ga kwata a gefe, ga teburin mai tumatir, ga ƙasa mai santsi in damina ce. Wanda ya ɗaga ƙafa sama a nan ya miƙa ta kyauta. Abin da ke raba gardama shi ne wa zai tsaya a kan ƙafafunsa, wa zai kai ƙasa, domin wanda ya faɗi kansa ke haɗuwa da dutse, kuma ƙafafun 'yan kallo ba duka ne na masu rabo ba.

Wannan kuwa shi ne ilimin kokawa tun daga tushe. Ɗan kokawa ba ya kama iska. Tun ranar farko yana riƙe da mutum mai numfashi, mai nauyi, wanda ba ya so a kayar da shi. Yana koyon inda nauyin jiki yake, da yadda ake kafa ƙafa, da yadda ake kwance riƙon wani, da yadda ake jure gajiya lokacin da ƙirji ke zafi. Kuma dokar wasan ita ce dokar titi: kada ka kai ƙasa. A Nijar tun 1975, da aka fara a Tawa, ake gasar Takobi ta ƙasa, jihohi na karawa, shugabanni na halarta, yara na tashi da sunayen gwanaye irin su Issaka Issaka na Doso. Mu kuma da kakanninmu suka zo nan da fatauci daga Kano da Katsina da Damagaram, ta Garwa da Ngaundere, mun bar ta a hanya kamar tsohon takalmi. In ka ce wa saurayinmu ya koyi kokawa sai ya ce ƙauyanci ne, alhali yana da hoton Kamaru Usman a wayarsa, mutumin da ya ci kambun UFC a 2019 da kokawar da ya koya a makarantun Amurka. Abu in ya biyo ta Turai ya dawo sai ya yi kwarjini.

Masu cewa kokawa ba ta dace da mai addini ba, su koma littattafan sira su karanta labarin Rukana, gwanin kokawar Kuraishawa, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kayar. Abin ƙi a filin kokawa shi ne tsiraici da caca da layun shirka, kuma duka ana iya cire su kokawar ta rage.

Judo 'yar'uwar kokawa ce da ta yi karatu. Wanda ya kafa ta a Tokyo a 1882 sunansa Jigoro Kano (sunan ya yi kama da na birnin Dabo, amma babu dangantaka), kuma hikimarsa ita ce ya cire dabarun da ba a iya gwada su da ƙarfi ba tare da an nakasa abokin horo ba, ya bar waɗanda za a iya yi da iyakar ƙarfi kowace rana. Ta fi kokawarmu da abu biyu. Ana kama tufafi, kuma mu mutane ne masu riguna. Sannan darasinta na farko shi ne yadda ake faɗuwa: a naɗe haɓa, a kare ƙeya, a bar jiki ya mirgina. A garin da babur ɗin haya ya zama ƙafar kowa, kuma ramukan titi suka fi kwalta yawa, na tabbata yaro zai buƙaci wannan darasi sau da yawa kafin ya buƙaci naushi ko ɗaya.

Damben Turawa da namu na gargajiya suna da fa'ida guda da babu mai musunta: mutum ya san ɗanɗanon duka. Wanda aka taɓa nausa a fuska bai rufe ido ba ya wuce wani mataki da ba a hawa da hadda. Amma dambenmu hannu ɗaya ake naɗe wa zare, ɗayan garkuwa ce, kuma tsayuwarsa ta fili ce mai faɗi da turmi uku da mai rabo. Kansa kuma ake biya da shi, domin ƙwaƙwalwa ba ta warkewa kamar fata. Ina girmama Shago da waɗanda suka biyo bayansa, amma ba zan tura ɗan shekara goma a riƙa jijjiga masa kai ba. Taikwando kuwa, Abdurrazak Alfaga na Nijar ya ɗaga mana kai da azurfar Riyo a 2016 da kambun duniya a 2017; sai dai shi dogo ne da ya haura mita biyu, yana wasa a kan shimfiɗa mai laushi, kuma lungunanmu ba su san wannan ba.

Sauran 'yan keji, waɗanda ke cewa an gama magana tun 1993, lokacin da Royce Gracie, wanda bai kai yawancinsu jiki ba, ya bi manyan ƙarti ɗaya bayan ɗaya ya kai su ƙasa suka sallama a gasar UFC ta farko, har da ɗan karate a wasan ƙarshe. Gaskiya ne, kuma darasi ne ga masu naushin iska. Amma a kejin mutum biyu ne, an bincike su babu ƙarfe, ƙofa a rufe. Ka kwanta a ƙasa kana murɗa hannun wani a bakin kasuwar Mamadu Mbaiki, ƙanensa na zuwa ta bayanka da katako. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma babu ɗamarar da ta soke wannan.

Nan ne maganar ta daina zama ta wasanni. Mu tambayi kanmu da gaskiya: waɗanda muka binne daga 5 ga Disamba 2013 zuwa yau, nawa ne cikinsu naushi ya kashe? Adda ce, da wuƙa, da gurneti, da harsashi, da taron jama'a a kan mutum ɗaya da ya yi kuskuren hanya. Malamin da ke nuna wa yara yadda ake ƙwace wuƙar roba daga hannun ɗalibin da ya miƙo ta a hankali ya tsaya yana jira, ba kariya yake ba su ba, yana cire musu tsoron da Allah ya sa musu domin tsira. Mai wuƙar gaske ba ya nuna ta, ba ya suka sau ɗaya ya tsaya. Ban ga bambanci mai yawa ba tsakanin wannan da ɗan tauri da ya sha jiƙo ya gaskata ƙarfe ba ya cin sa, ko waɗanda suka zo mana rataye da layu suna cewa harsashi zai zama ruwa. Mun ga gawar masu layu ta kowane ɓangare. In ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba.

Kuma mun riga mun gwada "kare kai" a matsayin tsarin rayuwa, mun ga inda ya kai mu. A 2014, lokacin da unguwar nan ta zama kurkuku, mutum bai isa ya tsallaka gada ya dawo ba, samari sun tsaya a mashigai, kuma wanda ya ce ba su tsare rayuka ba ya yi butulci. Amma wanda ya saba a ji tsoronsa ba ya ajiye wannan da kansa. Masu gadi suka zama masu karɓar haraji a kan kowane shago da kowace motar kaya da ta iso daga Duwala, suka rabu ƙungiya-ƙungiya suna harbin juna a kan iyakar lungu. A watan Afrilu 2018 aka yi farmakin Sukula, aka kwashi gawawwakinmu aka jera a ƙofar hedikwatar MINUSCA. Force ya mutu a watan Yuni 2019, abin bai mutu da shi ba. A ƙarshen Disamba na shekarar 'yan kasuwa suka ce sun gaji da biya, aka yi kwanaki ana faɗa tsakanin Musulmi da Musulmi, fiye da mutum 30 suka rasu, shaguna suka ƙone. Ban ce ɗakin karate ne ya haifi wannan ba, kuma ba na zargin kowane malami da shi. Ina cewa al'ummar da ta ga haka da idonta tana da hakkin ta tambayi duk wanda ya tara samari yana koya musu bugu: wa kake shirya su su buga, kuma wa zai tsawata musu in sun fi ƙarfinka?

Malamanmu na Malikiyya sun yi wa wannan babi iyaka tun da daɗewa. Sun halatta tunkuɗe wanda ya kawo hari ga rai ko iyali ko dukiya, amma sun so a fara da gargaɗi da haɗa shi da Allah in akwai hali, a tunkuɗe da mafi sauƙin abin da zai wadatar, in ya juya baya kuma a ƙyale shi. Dokar ƙasa ma, wadda ta gaji ta Faransa, ba ta karɓar uzurin kare kai sai harin yana gudana kuma martanin bai wuce kima ba. A ƙara da abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: yaronmu da ya karya haƙarƙarin wani a wata unguwa ba shi kaɗai zai amsa ba. Sunansa kawai ya isa a ce "'yan Kilomita Biyar ne," kuma a watan Satumba 2015 mun ga yadda gawar ɗan babur ɗaya ta tayar da garin nan gaba ɗaya. Ɗan tsiraru ba ya faɗa shi kaɗai ko da shi kaɗai ne a wurin.

Saboda haka in uba ya tambaye ni, ga abin da zan ce masa. In kana son ɗanka ya sami ladabi da lafiyar jiki da abin da zai raba shi da zaman banza da ƙwaya, kai shi karate, alheri ne, amma ka kira shi da sunansa, wasa. In kana son jikinsa ya san abin yi ranar da aka cakume shi, nema masa judo ko kokawa, 'yarka ma haka a wurin da mata ke koyar da mata, domin kwance riƙo da ihu da gudu sun fi mata amfani fiye da harbin sama. Kafin ka biya ko dala, je ka zauna ka kalli darasi uku. Duba ko ɗalibai na gwada ƙarfi da wanda ke turjiya da gaske. Saurari abin da malamin ke cewa game da wuƙa: in ya ce a gudu, amince masa; in ya ce yana da dabara, ɗauki ɗanka ku tafi. Tambayi kuma ko ya taɓa korar ɗalibi saboda ya yi faɗa a waje.

Dattawanmu kuma ina roƙonsu su duba shawara ɗaya. A samu fili a zuba yashi, a dawo da kokawa bayan la'asar, da wando mai rufe gwiwa, ba caca, ba laya, a ƙarƙashin idon manya. A gayyato samarin Fatima da Miskin da Boyi-Rab su zo a kara, mu ma mu je nasu, domin su ma suna da kokawarsu ta gado. A sa yaranmu su yi kirari da Hausa su gaisa da Sango. Yashi tifa ɗaya da alƙali mai gaskiya shi ne duk jarin, kuma a cikin 'yan kasuwar da suka yi shekaru suna biyan harajin dole, ba za a rasa mai sayen yashin ba.